An Ce a Ja Sama, Mota Ta Tsaya

Ga jimla mai kalma huɗu na ajiye a tsakar fili: "She pulled him up." Duk wanda ya san da guminsa ya ci Turanci a WAEC, ba da leƙen takardar maƙwabci ba, ya matso ya faɗa mana abin da matar nan ta yi wa mutumin nan.

Yauwa, ga Malam mai gilashi ya ɗaga hannu tun ban rufe baki ba. Ya ce ai a fili take, mutum ne ya faɗa rami, ta miƙa masa hannu ta jawo shi sama. Madalla Malam, ka ci. Hajiya ta can baya kuma, wadda ta daɗe tana aikin ofis, ta ce sam, katoɓara ya yi a wurin taro, ita kuma ta taka masa birki ta ja masa kunne. Hajiya, ke ma kin ci. To ga shi nan: a wajen Malam ceton rai matar nan ta yi, a wajen Hajiya wankin babban bargo ta yi wa bawan Allah. Kada ku wahalar da kanku wajen ɗauko ƙamus, ba zai raba ku ba, domin duka biyun suna ciki.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. In aka ce "the car pulled up", motar ba ta tashi sama ba, ko taya ɗaya ba ta bar ƙasa ba, tsayawa ta yi cak. Bature ya ce maka "pull up a chair", kada ka sunkuci kujera ka ɗora a ka, cewa ya yi ka jawo ta kusa ka zauna. Shugaban makaranta ya dubi malami ya ce masa "pull your socks up", to ba ruwansa da safa, ko silifa malamin ya sako maganar tana nan: ya ƙara himma ko ya ga takarda. Mai lambu a Ingila yana "pull up" ɗin ciyawa, wato yana tuge ta har saiwa. Ma'aikaciyar banki za ta "pull up" ɗin asusunka, alhali yatsa kawai ta ɗora a kan kwamfuta. A watan Agusta na 2017, a gasar duniya ta Landan, Usain Bolt yana cikin tserensa na ƙarshe, na miƙa sanda, tsokar bayan cinyarsa ta riƙe. Jaridun Turanci suka ce "he pulled up". Mutumin da ya ƙare a kwance a ƙasa, shi ne wai ya ja sama. Ɗan motsa jiki da ke rataye a jikin ƙarfe yana ɗaga kansa har haɓarsa ta wuce, shi ma "pull-up" yake yi. Samarinmu masu kallon finafinan Amurka in suka ce wa aboki "pull up", cewa suke ya iso inda suke. Har wandon yara masu koyon zuwa fo, wanda Huggies ke sayarwa, sunansa Pull-Ups. Ku ƙirga da kanku, ku gaya mini a nawa daga ciki aka ja wani abu ya yi sama.

Ina jin ƙunƙuni daga teburin mai shayi. "Malam, buhun shinkafa ya gagari talaka, kai kana nan kana mana pul-of." Gaskiyarka yayana, kuma Allah Ya kawo sauƙi. Amma da wane Turanci jaridu suka ba ka labarin tsadar? Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, ba ka rabu da ganin "hike" da "jack up" a kanun labarai ba. Jak ɗin nan da bakanike ke cusawa ƙarƙashin mota yana ɗaga ta, shi aka ara aka cusa ƙarƙashin farashi. Kenan takaicin naka ma da dangin wannan Turanci aka rubuta shi. Ɗanka kuma da ka biya wa kuɗin JAMB da kyar, irin waɗannan kalmomi na nan suna jiransa a cikin tambayoyi, an jera masa amsa huɗu, uku suna kama da gaskiya.

Turawa suna kiran irin wannan haɗi "phrasal verb". Ni nakan ce masa aikatau mai 'yar rakiya, domin aikatau ne gajere, sai a haɗa shi da wata 'yar ƙaramar kalma, "up" ko "off" ko "out", ita kuma 'yar rakiyar sai ta karɓe ragamar tafiyar. Kuma ba mu muka fara kuka da shi ba. Tun a 1755 Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa, ya ambace shi a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙi masu koyon harshen, har ya yarda cewa wasu sun yi nisa da ma'anar kalmomin da suka haife su ta yadda basira ba ta isa ta gano hanyar da suka bi ba. Sunan kuwa sai a 1925 ya bazu, ta hannun Logan Pearsall Smith, wanda ya ce daga bakin Henry Bradley ya same shi, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford. In mai gida da kansa ya ce akwai rami a tsakar gidansa, baƙo bai yi laifi ba don ya riƙe fitila.

Inda gizo ke saƙar shi ne "up" ɗin nan ba kullum take nufin sama ba. Sau da yawa ƙarasawa take nufi. "Eat up", "drink up", "buy up": babu wanda ya hau bene ya ci abinci. A nan ne Bahaushe ya kamata ya yi murmushi, domin abin da Bature ke yi da 'yar rakiya, mu a wutsiyar aikatau muke yin sa. Ci ya zama cinye, sha ya zama shanye, saya ya zama saye. Ja ya zama jawo in abin wajenka zai taho, ya zama janye in gusar da shi za a yi. Wannan tsari ne F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya rarraba gida bakwai a 1960, abin da ɗaliban Hausa ke haddacewa yau da sunan giredin aikatau.

Na hango Alaramma yana gyara zama, yana shirin cewa ai shi ya sa Hausa ta fi, komai nata a sarari. Allah Ya gafarta Malam, a yi haƙuri tukuna. A ɗauko Bature ɗan koyo, a koya masa cewa "ja" shi ne kama igiya a fizgo. Gobe ya ji an ce liman ya ja salla, mai jan baki ya zauna kusa da mai tafsiri, tsoho yana jan carbi, uwargida ta ja tsaki, gwamnati tana jan ƙafa, 'yan ƙwadago sun ja daga, budurwa kuma tana jan aji. Ajin nan da take ja, da bencinansa da allonsa? Ban ma taɓo "ci" ba, mai cin kasuwa da cin amana da cin bashi da cin jarrabawa. Laifi tudu ne. Mu ma muna da namu, sabo ne ya hana mu ganinsa, kamar yadda ya hana Bature ganin nasa.

Sai wanda ya fi kowa hujja a cikinku, ɗan jarida mai jaka a kafaɗa. Ya ce duk wannan neman magana ne, ai zancen da ke kewaye da kalma shi ke fayyace ta, ba wanda zai ji an ambaci mota ya zaci tashi ta yi. Na yarda, a mafi yawan lokuta haka ne. Amma zo mu leƙa wurin gini. Bene ne hawa biyu, an zuba dakin ɗin farko, leburori na jan bulo da igiya da bokiti. A ƙasa akwai fayif kashi biyu: wasu an jibge su jikin katanga za a kai sama, wasu kuma jiya aka shimfiɗa su a rami, ba a riga an rufe da ƙasa ba. Hadari ya haɗo daga gabas. Injiniya yana can wani gari, ya turo wa shugaban leburori saƙo ta WhatsApp: "Pull up the pipes before the rain." To ɗan jarida, wanne? A ja na jikin katanga a kai sama, ko a tuge na cikin rami kafin ruwa ya cika shi da laka? Duka biyun Turanci ne lafiyayye, duka biyun sun dace da hadarin, kuma wayar injiniya ta daina shiga. In shugaban leburori ya zaɓi na biyu alhali na farko ake nufi, aikin yini guda ya tashi a banza, gobe kuma a ce shi ne bai iya Turanci ba. Da an rubuta "lift the pipes to the roof" ko "remove the pipes from the trench", da ba a kai ga neman mai laifi ba. Faɗin "pull up" a irin wannan wuri kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar Kurmi ne ka ƙwala kiran "Alhaji!" Mutum ashirin za su waiwayo, kowa da gaskiyarsa.

Yanzu bari in ba ku makamin da za ku yaƙe ni da shi, tunda na ga ba ku gano shi ba. A cikin jirgin sama akwai na'urar da ke gargaɗin matuƙi in ya kusa ƙasa ko dutse bai sani ba. Injiniya Don Bateman, haifaffen Kanada, shi aka fi dangantawa da ƙirƙirarta, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 Amurka ta wajabta ta a manyan jiragen fasinja. Me na'urar ke cewa in abin ya zo wuya? "Pull up." Ga shi nan, a wurin da rayukan ɗaruruwan mutane ke rataye da daƙiƙa biyu uku, kalmar da nake ta zolaya ita aka zaɓa. Kuma ku lura, a mota tsayawa take nufi, a jirgi kuma a ja sandar tuƙi hanci ya ɗaga a yi sama. Direban tasha da zai bi ma'anar da ya saba a can, da birki zai nema.

Kafin ku yi tafi, ku tambayi abokan wasana Zazzagawa, masu kwalejin koyon tuƙin jirgi a garinsu tun 1964, ko da yake na san yawancinsu ta kan katanga suka san jirgin. A ɗakin matuƙi an yi wa kalmar nan aski, an bar mata ma'ana ɗaya tak, an kuma horar da matuƙi a kanta har hannunsa na amsawa kafin tunaninsa. Ba a bar shi ya zauna yana auna wacce ake nufi ba. Jami'in da ke hasumiya kuwa, in yana son jirgi ya ƙara sama, "climb" yake cewa, kalma ɗaya. Mutanen nan da jini suka sayi wannan tsantseni. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilan suna da yawa: hazon, da muryoyin rediyo da suka hau kan juna, da gaggawar kyaftin. Amma a cikinsu har da wata magana da aka yi daga jirgin KLM da kalmar "take-off", su suna nufin sun fara gudun tashi, hasumiya ta ɗauka suna tsaye suna jiran izini. Bayan wannan aka ƙa'ide cewa kalmar ba ta fita daga baki sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Kafin nan "departure" ake cewa.

Littattafan gyaran jirgi ma haka. A shekarun 1980 kamfanonin jiragen Turai suka ga yawancin makanikan da ke karanta littattafan nan a duniya ba da Turanci aka yi musu goyo ba. Aka tsara wani sauƙaƙƙen Turanci, ya fito a 1986, yau ana kiransa ASD-STE100. Kalmomin gama-gari da ya amince da su ba su kai dubu ba, kowace da ma'anarta ɗaya, kuma cikin dokokinsa akwai hana marubuci haɗa aikatau da 'yar rakiya su haifi sabuwar ma'ana. In masu ɗaure ƙusar injin jirgi sun ga abin tsoro a nan, injiniyanmu mai WhatsApp bai fi su wayo ba.

To me za a ce a madadinsa? Ka dubi abin da ake ja, da yadda ake jansa. In da hannu za a ɗaga daga ƙasa, "lift". In ƙara masa tsawo za a yi, hannu ne ko murya ko farashi, "raise". In akwai igiya da ƙarfen da take zagayawa a kai, "hoist": da shi ake ɗaga tuta, kuma tutar kore da fari da ta hau a filin sukuwa na Legas daren 1 ga Oktoba 1960 "hoisting" ɗinta aka yi. In kaya ne mai nauyi da ake ja ana nishi, "haul". In inji ke naɗe waya yana jawowa, "winch". Ruwan rijiya "draw" ɗinsa ake yi. Shuka in da saiwa za a fitar da ita, "uproot". Fizga ta farat ɗaya, "yank". Mota "stop", takarda a kwamfuta "open", mai laifi kuma "rebuke". Kowace a cikinsu ta zo da hotonta, tana gaya maka ko akwai igiya, ko akwai nauyi, ko akwai fushi. "Pull up" ba ta gaya maka ko ɗaya.

Ahaf. Na san za ka taso, Ranka ya daɗe mai babban Turanci, kai da ba ka iya neman ruwan sha sai ka ce "portable liquid", kana nufin "potable". Tun ɗazu kake gyaɗa kai, ka zaci na shigo jam'iyyarku. Ka riga ka shirya "elevate" da "extricate" za ka jefe mu da su. Mayar da wuƙarka. Dubi kalmomin da na jera: "lift", "raise", "hoist", "haul", "draw", "stop". Gaɓa ɗaya-ɗaya ne. "Lift" da "raise" ma daga bakin mayaƙan ruwa na arewacin Turai Ingilishi ya gaje su, ba daga Latin ba. Manyan kalmomin da kake taƙama da su yawancinsu bayan 1066 suka shigo, da Normandawa masu Faransanci suka ci Ingila, daga baya malamai suka ƙaro na Latin. Suna da wurinsu, likitan haƙori yana "extract". Amma lebura ya ji an ce ya yi "elevate" ɗin bokitin siminti, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Akwai ma wanda ya bi hanyar da ta saɓa wa tawa gaba ɗaya, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. A 1930 C. K. Ogden ya fito da "Basic English", kalma 850 kacal, aikatau 18 a ciki. Dabararsa ita ce a kori irin su "ascend" a ce "go up", wato 'yar rakiya ta yi duk aikin. Churchill ya yaba masa a jawabinsa na Harvard a 1943. Abin bai yi kasuwa ba, kuma a ganina ga ɗaya daga cikin dalilan: ya rage yawan kalmomin da ɗalibi zai haddace, amma ma'anonin suna nan, ya dai cusa su cikin buhu kaɗan. Abin da ke sauƙi a kunnen wanda aka haifa cikin harshe, shi ne ke tuntuɓe ga wanda ya same shi a aji. Mu kuwa a Najeriya mai rubutawa a aji ya koya, mai karantawa ma a aji ya koya, sau da yawa ba aji ɗaya ba.

Kada kuma a je a ce na haramta. In kana hira da abokinka, ko kana rubuta labari kana son bakin mutane ya fito yadda suke magana, yi "pull up" ɗinka son ranka, Turancin da babu irinsa a ciki sandararre ne. Sai dai ka kiyaye ƙa'idarsa, domin yana da ita. Za ka iya cewa "pull up the rope" ko "pull the rope up", amma da zarar "it" ta shigo sai ta zauna a tsakiya: "pull it up". Wanda ya ce "pull up it" ya tona wa kansa asiri, ko da ya sha kwat da laktaye. Inda nake cewa a kauce masa shi ne inda mai karatu ba zai iya tsayar da kai ya tambaya ba, kuma kuskurensa zai ci kuɗi ko lafiya: umarnin aiki, takardar yarjejeniya, bayanin da nas ke bar wa mai karɓarta, sanarwar da za a liƙa a bango.

Samari na layin baya, tun ɗazu kuke danne dariya kuna latsa waya, kun zaci na manta da ku. Akwai wuri ɗaya da ni kaina ba zan nemi madadin kalmar nan ba. In kun fito da wandon nan naku da ya sauka har ƙasan ɗuwawu, kuna tafiya kuna tale ƙafa don kada ya ƙarasa faɗuwa, wani dattijo ya ce muku "pull up your trousers", to a nan ja ne na gaske, da hannu biyu, kuma sama ake nufi, har ƙugu. Kada wanda ya ce masa wai Malam ya ce kalmar tana da ma'ana goma.